Nives da Jakar Bajamushe

Mu huɗu mahaifiyarmu ta haifa, duka mata, amma Nives ce kaɗai ta gaji wuyanta. Ni Ortensia, auta, ƙiba na gada da surutu, kuma ban taɓa jin kunyar ko ɗaya ba. Babanmu shi ke da gidan burodi a garinmu Marsenga. Maƙwabtanmu mutanen Tovale kuwa, duk da cika bakinsu cewa cocinsu ya fi namu tsawo, ba su da mai gasa burodin da kare zai ci ya kaɗa wutsiya. Saboda haka tun Nives tana 'yar shekara goma sha huɗu, kullum da sassafe sai ta naɗa gammo a ɗora mata kwando, ta kama hanyar dutse ta kai musu burodi da ɗuminsa, ta dawo mana da ancuwa, 'yan ƙananan kifin nan da muke jerawa a tulu da gishiri.

Daga Marsenga zuwa Tovale, in a kwalekwale ne, kafin ka gama ɓare lemo ka isa. A ƙafa kuwa awa ɗaya da rabi ce: ka hau matakala ɗari huɗu ta cikin gonakin inabi, ka bi gefen dutse, ka ratsa itatuwan zaitun, sannan ka gangara. Nives a awa ɗaya take yi, ba takalmi, kuma tana tafe tana saƙa safa. Gajeriya ce ƙwarai. In tana tahowa ta bayan katanga, kwandon kawai ake gani yana tafiya shi kaɗai.

Ta auri Amerigo masunci, ta haifi 'ya ɗaya, Loredana, wadda saura kaɗan ta faɗo a kan matakala, domin har safiyar haihuwar sai da Nives ta kai burodi. Babanmu ya rasu, Amerigo ya bi shi, aka yi titi ta bayan dutse, motar burodi ta fara zuwa Tovale. Duk wannan bai zaunar da ita ba. Ta koma kai ƙwai, da maganin tsofaffi, da tukunyar gas, da duk abin da mutum ke ƙyuyar zagayawa da shi ta titi. Sau ɗaya har keken ɗinki ta kai wa wata amarya. Shekara hamsin da biyu tana wannan zirga-zirga, kuma ni ban taɓa jin ta ce wash ba.

A can Tovale akwai Tullio, mai gyaran katangun gona. Dogo ne siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma in ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Duk katangar da ruwan sama ya zubar a hanyar, shi ke tsince duwatsun ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba siminti ba laka. A jikin katangun nan, nan da can, akwai faffaɗan dutse da ake bari ya fito waje, inda mai kaya zai jingina ya zame kwandonsa ya huta. To duka an yi su ne daidai tsawon mutanen kirki, Nives kanta bai kai ba. Wata shekara da katangar tsakiyar hanya ta zube, Tullio ya sake gina ta, sai ga wani dutsen hutu a ƙasa-ƙasa, daidai kan mutum ɗaya a duk garuruwan biyu. Bai ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. A lokacin yana da matarsa Zelinda, ita tana da mijinta, kuma ba wanda ya taɓa ganin wani abin zargi. Sai dai kullum in ta iso bakin famfon Tovale, ko ta yaya yana kusa, kuma shi ke sauke mata kaya.

Shekara uku bayan rasuwar Zelinda, cikin watan Oktoba, sai ga Tullio a Marsenga da gudumarsa. Ba wanda ya kira shi. Ya shiga lambun lemun Nives ya kama katangar da ta yi ciki, ya yi kwana huɗu yana gyara. Tun da muka zama gwauraye ni da ita gida ɗaya muke zaune, don haka a rana ta huɗu ina maƙale a bayan taga, kunnena a waje.

Ya goge hannu a wando, ya dubi bishiyar lemo, ya ce, "Tagar ɗakina ta wajen teku, tun da Zelinda ta tafi ba a buɗe ta ba."

Nives ta ce, "Ka sa mata mai."

Na rantse saura kaɗan in jefe ta da tukunya.

Ya ce, "Ba mai take so ba, Nives."

Ta daɗe tana tsinkar busasshen ganye, har wuyanta ya yi ja, sannan ta ce, "Zan yi tunani."

Kafin ta gama tunanin, wuyan ya fara ciwo. Loredana ta zo daga birni ta kwashe ta zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan, wani matashi mai hannu kamar na amarya, ya duba hoton ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin mamaki, sannan ya yanke hukunci: daga yau ko hula mai nauyi kada ta ƙara ɗorawa. Loredana ta kulle kwandon a ɗakin ajiya ta tafi da makulli. Ta sayo wa uwarta takalma masu igiya, rawaya shar, da sanduna biyu na ƙarfe irin na baƙi masu yawon dutse, wai ta riƙa motsa jiki.

Sau ɗaya Nives ta gwada su. Ta hau matakala kamar sittin, ta dawo fuskarta ta yi fari fat, tana dafa bango, ta ce ƙasa juyawa take yi. Daga nan ta zauna a kujera a bakin ƙofa, kuma zaman da ta yi ke nan har wata bakwai. Sau biyu Tullio yana aiko gaisuwa ta bakin Palmira mai kifi, ba ta mayar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ba abin da na tsana kamar in ga abin daɗi yana lalacewa a gaban idona.

Na ce, "Yaya, mutumin nan fa ba yaro ba ne da zai yi ta jira."

Ta ce, "Me zai yi da matar da ba ta iya zuwa bakin famfo? Ya yi jinyar ɗaya, ya isa."

Ranar wata Asabar cikin watan Mayu, ƙararrawar coci ta buga goma ke nan da 'yan mintoci, sai ga Palmira da tiren kifinta, tun daga nesa bakinta ya riga ta isowa.

"Kun ji? Fulvio ɗan Tullio ya zo da mota! Yau zai kwashe ubansa zuwa birnin Janowa, sha biyu za su tashi. An ce tsohon ya ce ba abin da ya rage masa a Tovale."

Nives ta miƙe tsaye har kujerar ta faɗi.

Na ce, "Ki kira shi a waya mana."

"Kurman? A waya? In ce masa me, duk gidan suna ji?"

Bas ba ta tashi sai ƙarfe ɗaya. Teku kuwa tun jiya yake dukan duwatsun gaɓa, ba mai kwalekwalen da zai fito. Nives ta shiga ɗaki ta fito da takalman nan rawaya a ƙafa, sanda a kowane hannu. Ni kuma, da rabona da hanyar Tovale tun bikin amaryar keken ɗinki, na cire zanen girki na bi ta, ina zagin kaina.

Wanda bai ga hanyarmu a watan Mayu ba bai ga taro ba. Baƙi ne jere kamar tururuwa, kowa da sanduna biyu, da gajeren wando, da hula mai fuka-fuki, suna shan ruwa kowane taku ashirin. Da can Nives takan ratsa su ne kamar ba ta gan su ba. Yau kuwa su ke wuce ta. Kanta a sunkuye, idonta a kan takalma, ta dasa sanda ta ja ƙafa, ta harɗe da ɗaya sandar, ta tsaya ta yi haki. Wata tsohuwa fara sol da ta girme ta nesa ba kusa ba ta dafa kafaɗarta ta ce mata wani abu mai kama da sannu. Da Nives tana da sauran numfashi da matar nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Muna kai ƙarshen matakala ƙararrawar Marsenga ta buga sha ɗaya a ƙasanmu. Wurin da takan kai a minti ashirin, yau mun ci kusan hamsin. Na ga ita ma lissafin take yi.

Daga nan sai Baranda. Haka muke kiran inda hanyar ke bin gefen dutse, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, hagu katanga, dama kuwa ba komai sai iska, can ƙasa teku yana kumfa. Nives ta yi taku uku a kai ta tsaya cak. Sandunan suka faɗi. Ta manne da katanga, ta zame a hankali har ta zauna.

Da wata 'yar siririyar murya ta ce, "Ortensia. Yaushe nan ya zube?"

"Ina?"

"Nan! Wannan ramin! Ba wanda ya gaya mini gefen ya tafi!"

Na leƙa. Na ce, "Yaya, ba abin da ya zube. Tun da Allah ya yi dutsen haka yake."

"Ƙarya kike yi."

"Ke da kika yi shekara hamsin da biyu kina wucewa ta nan safe da rana?"

Ta daka mini tsawa, "To mai kaya a ka yana duban ƙasa ne? Gabana nake kallo! Ni na ɗauka akwai gonar inabi a ƙasa!"

Jama'a, ban san lokacin da na zube kusa da ita ba. Dariya ta kama ni har cikina ya ƙulle, hawaye na zuba. Ita kuwa ta sake leƙawa da ido ɗaya ta rufe, ta kama ƙirji.

"Wayyo ni Nives. Da cikin Loredana na bi ta nan. Da keken ɗinki! Ina saƙa, Ortensia, ina saƙa!"

"Har da tukunyar gas," na ce, dariyar ta sake ƙwace mini.

Kafin nan mun tare hanya. Baƙi sun taru a bayanmu kusan ashirin, wasu na miƙo ruwa, wata na yi mata fifita da taswira. Na farko a layin wani Bajamushe ne, ƙato, fuskarsa ta yi jawur kamar tumatir. Da ya ga ba wucewa, sai ya sauke jakar goyonsa a kan katanga ya zauna yana numfarfashi. Jakar nan ta kai girman ɗan maraƙi. Har tukunya ce rataye a jikinta. Matarsa, wata 'yar firit mai furfura, tana tsaye a kansa tana yi masa faɗa da yarensu, kuma ko ba ka jin yaren ka san cewa take yi tun a gida ta gaya masa.

Na ga Nives ta daina kallon rami, ta koma kallon jakar.

A hankali ta ce, "Ba ƙafata ba ce, Ortensia. Kaina ne ba nauyi, shi ya sa yake yawo."

"Yaya, likita fa ya ce..."

"Likitan ne zai tafi Janowa?"

Ta kwance igiyar takalma ta tuttuɓe su, ta cire safa, ta haɗa biyun ta murɗa ta naɗe, sai ga gammo. Ta ɗora a ka, ta rarrafa ta durƙusa a gaban jakar, ta nuna ta, ta nuna kanta. Bajamushe ya zaro ido ya shiga kaɗa hannu, yana cewa a'a, a'a, da ladabi, wai shi ba zai bar tsohuwa ta ɗaukar masa kaya ba. Matarsa ba ta tsaya jin ta bakinsa ba. Ta dube ni, na dube ta, muka kama jakar ita gefe ni gefe, muka ɗaga da ƙyar muka aza.

Na ji wuyan ya yi ƙas. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, na kashe yayata da hannuna. Sai na ga bayanta ya miƙe. Haɓarta ta ɗago, kafaɗunta suka sauka, ta ɗan girgiza kai hagu da dama har kayan ya sami wurin zama. Ta tashi tsaye ba ta dafa komai ba. Yatsun ƙafarta suka lalubi dutsen suka gane shi.

Ta ce, "Yawwa. Kwaso takalman Loredana, kada a sace."

Ban ƙara ganin fuskarta ba sai a Tovale. Ta ƙetare Baranda hannuwanta na lilo, tukunyar Bajamushe na kaɗawa a bayanta, ta sha kwana ta ɓace. Sai a sannan mai jakar ya farga. Ya zabura yana ihu, "Fasfo! Fasfo!" ya rufa mata baya. Matarsa ta bi shi tana ƙyalƙyala dariya. Ni na rataya takalma a wuya, na kwashi sanduna, na bi su. Sauran baƙin kuwa, da suka ga kowa na gudu, su ma suka hau gudu.

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar nan ba, kuma ban taɓa kusan mutuwa irin na ranar ba. Numfashina kamar ana zuga wuta, amma dariya ta ƙi sakina. Can gaba ina hango jakar tana tafiya a saman katanga, shuɗiya, ba a ganin mai ɗauke da ita. Masu tahowa daga Tovale suna mannewa da bango su ba ta hanya, suna ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, wasu na tafi. Ita kuwa har waƙa ta kama, wata tsohuwar waƙar tsinkar inabi mai batsa da mahaifiyarmu ta hana mu yi.

Tsoho Egisto yana cikin gonarsa yana ɗaure inabi, ya ɗago ya cire hula.

"Kai! Nives ta tashi! Yau me kika kawo mana?"

Ba ta ko rage sauri ba ta ce, "Bajamushe! Yana baya, da ɗuminsa!"

Da muka zo tsakiyar hanya, wurin ɗan dutsen hutun nan nata, na ɗauka za ta tsaya ko don ta tausaya mini. Ina! Ta dai shafa shi da tafin hannu ta wuce.

Muna cikin zaitun, gangaren ƙarshe, ƙararrawar Tovale ta fara buga sha biyu. Na san tasu kullum gaggawa take yi don ta riga tamu, amma duk da haka zuciyata ta tsinke. Waƙar ta tsaya. Jakar ta ƙara sauri.

Mota ba ta shiga Tovale. A sama take tsayawa, wajen maƙabarta, duk mai ƙaura sai ya hau da kayansa matakala ɗari biyu. Hanyarmu kuwa a tsakiyar matakalar nan take ɓullowa. Da na iso, ina ganin taurari, na tarar da Nives tsaye, Bajamushe ya zube a ƙasa yana riƙe da igiyar jakarsa, baƙi sun yi cirko-cirko, matan Tovale sun cika tagogi. A kan matakala kuwa ga Tullio zaune, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, da wani tsohon akwati ɗaure da igiya a gefensa. Shi ne kayan ƙarshe. Fulvio yana saukowa daga sama zai ɗauka, makullin mota a hannu.

Tullio ya dube ta daga ƙafa har jaka. Ya rame ƙwarai.

Ya ce, "An ce ba kya tafiya."

"An ce da yawa."

"Wata bakwai, Nives."

Ta juya ta ɓangaren kunnensa mai ji, kuma da yake dole ta ɗaga murya, duk Tovale suka sha labari. "Na ɗauka ƙafata ta mutu! Na ce ba zan kawo maka jinya gida ba! Ashe ba komai, kaya kawai aka raba ni da su. To ga ni. Tashi ka sauke ni, wuyana ya fara magana."

Ya miƙe. Ya kai hannu ya kama jakar kamar yadda ya saba. Jakar ba ta motsa ba. Ya sake gwadawa, sai muka ga hannuwan suna kakkarwa, yatsun sun ƙi damƙa. Ya sauke su ya ɓoye a aljihun kwat. 

Ya ce, "Ba zan iya ba. Tun hunturu suka daina. Ko guduma ba na riƙewa, ko maɓallin riga Fulvio ne ya sa mini yau." Ya dubi akwatinsa. "Da na ji shiru, na ce gara haka. Me za ki yi da ni?"

Ni da nake ta dariya tun daga Baranda, sai dariyar ta ɗauke. Tsofaffin banza biyu, kowa ya zauna a garinsa yana ɓoye wa ɗan'uwansa lalurarsa, saura minti biyar su rabu har abada. Na so in haɗa kawunansu in gwara.

Fulvio ya matso. Mutumin kirki ne, ba laifinsa. Ya ce, "Goggo Nives, ki yi haƙuri. Baba ba zai iya zama shi kaɗai ba. Jiya a gabana ya kasa buɗe kwalbar mai."

Nives ta ce, "Wa ya ce shi kaɗai?"

Ta ɗan rusuna, ta karkata kai, jakar ta sulmiyo ta faɗa a cinyar mai ita, ya rungume ta kamar ɗan da ya ɓata. Tana rabuwa da nauyin na ga ta yi tangaɗi, na kai hannu zan tare ta, ta buge hannuna. Ta gyara gammon safa, ta durƙusa a gaban akwatin.

"Fulvio, ɗana, ɗora mini."

Bawan Allah ya ɗauka taya shi za ta yi. Ya ce, "Haba Goggo, ni zan kai shi mota."

"Ɗora mini, na ce. Ni na kai wa uwarka ruwan zafi ranar da aka haife ka, kada ka tsaya yi mini gardama."

Ya dubi ubansa, ya dubi tagogi, ya ɗaga akwatin ya aza mata. Ta miƙe. Matakalar sama tana hagunta, inda mota ke jira da ƙofa a buɗe. Ta juya dama, ta fara gangarawa wajen gidan Tullio.

Wata mata ta rangaɗa guɗa daga taga, sauran suka ɗauka. Baƙi ba su san me ake yi ba amma suka hau tafi. Matar Bajamushe ta rungume ni tana kuka, ni ma ina yi, takalma na dukan ƙirjina.

Fulvio ya ce, "Baba! Katifa fa? Na riga na ɗaure komai a mota!"

Tullio bai ji ba, ko kuwa ya juya masa kunnen da ba ya ji. Yana tsaye yana kallon akwatinsa na tafiya. Nives ta sauka matakala biyar, shida, sannan ta tsaya. Ba ta iya waiwayowa da kaya a ka, don haka bangon gabanta ta yi wa magana, da ƙarfi.

"Tullio! Ni ba na ganin ƙasa, kai ba ka iya ɗauka. Zo ka wuce gaba ka gaya mini inda matakalar ta karye."

Ya ciro hannuwansa daga aljihu. Ya sauko a hankali, ya raɓa ta gefenta ya shiga gaba. Muna jin muryarsa tana nisa tsakanin gidaje, shi da ba ya magana.

"Nan lafiya. Nan ma lafiya. A hankali, wannan tana motsi. Ki taka inda na taka."